Wuta da Tsira a Bakin Kabari: Abin da Liman da Fasto Suke Iya Faɗa a Gaban Gawa

Akwai tambayar da kusan duk malamin da ya daɗe yana jagorantar jana'iza ya taɓa fuskanta, ko da ba a furta ta da baki ba. Wata rana uwa ce da aka kawo mata gawar ɗanta wanda duk unguwa ta san shi da shaye-shaye, wata rana matar da mijinta ya rataye kansa ce, wata rana kuma magidanci ne da mahaifinsa ya rasu a kan addinin da ba nasa ba. Sai a ɗaga ido a dubi liman ko fasto, ana jiran ya faɗi inda mamacin ya nufa. Wanda ake kallon kuwa shi ne mutumin da ya shekara yana karantar da cewa akwai Aljanna akwai Wuta, kuma akwai ayyukan da suke kai mutum kowacce daga cikinsu. Idan ya ce mamacin ya tsira, ya faɗi abin da ba shi da iliminsa. Idan kuma ya maimaita a bakin kabari irin abin da yake faɗa a kan mumbari, ya ƙara wa masu makoki nauyi a ranar da ba su da ƙarfin ɗaukar komai.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa kara ce kawai take sa malamai su kauce wa amsa, wato suna ɓoye abin da suka yi imani da shi don kada ran iyali ya ɓaci. A ganina wannan fahimta ta gaza, domin a Musulunci da Kiristanci duka akwai ƙa'ida tsohuwa da ta raba abubuwa biyu: hukuncin da aka yi a kan wani nau'in aiki, da hukuncin da za a yi a kan wani mutum mai suna. Na farko malami yana da iko ya faɗe shi, har ma wajibi ne a kansa. Na biyu kuwa an karɓe shi daga hannunsa tun farko.

A wajen Ahlus Sunna an rubuta wannan ƙa'ida a fili. Imam Ɗahawi, wanda ya rasu a shekarar 321 bayan hijira, ya faɗa a littafinsa na aƙida cewa ba ma saukar da kowa daga cikin ma'abota alƙibla a Aljanna ko a Wuta. Muna yi wa mai kyautatawa fata, muna ji wa mai saɓo tsoro, muna nema masa gafara, amma ba ma yanke masa ƙauna. Tushen maganar yana cikin abin da ya faru a Madina lokacin da Usman ɗan Maz'un ya rasu. Sahabi ne da ya halarci Badar, kuma ya yi jinya a gidan mutanen Madina da suka sauke shi. Bayan an yi masa wanka an sa shi a likkafani, sai Ummul Ala'i, matar gidan, ta ce ta shaida lallai Allah ya girmama shi. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya tambaye ta me ya sanar da ita cewa Allah ya girmama shi, sannan ya ce shi dai mutuwa ta zo masa, kuma yana yi masa fatan alheri. Ummul Ala'i ta ce daga ranar ba za ta ƙara tsarkake kowa ba. Bukhari ne ya ruwaito wannan. Idan har an hana yanke hukuncin tsira ga mutum irin wannan, to babu wani attajiri ko basarake ko shehin malami na zamaninmu da za a yanke masa.

Ɗaya gefen ma an toshe shi da irin wannan ƙarfi. Muslim ya ruwaito labarin mutumin da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai Allah ya ce wane ne wannan da yake rantsuwa a kaina cewa ba zan gafarta wa wane ba, na gafarta masa, kai kuma na rushe aikinka. Aya ta 48 a Suratun Nisa'i ta bar duk zunubin da bai kai shirka ba a ƙarƙashin ganin damar Allah. Sannan ga hanin da ya zo a Bukhari cewa kada a zagi matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Wanda ya lura da harshen da muke amfani da shi a gidan makoki zai ga wannan aƙida ta shiga cikin Hausar kanta. Ba ma cewa wane ya shiga Aljanna. Cewa muke Allah ya ji ƙansa, Allah ya gafarta masa, Allah ya sa Aljanna ce makomarsa, Allah ya sa ya huta, in tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani. Duk roƙo ne, babu labari ko ɗaya a ciki. Haka ita ma sallar jana'izar take: kabbara huɗu, babu ruku'u, babu sujada, babu huɗuba, saboda haka liman ba shi da wani gurbi da aka ware masa don ya yi sharhi a kan rayuwar mamaci. Addu'ar da Imam Malik ya kawo daga Abu Huraira a cikin Muwaɗɗa, wadda limamai da dama a ƙasar Hausa suke karantawa, tana cewa wannan bawanka ne, ya kasance yana shaida babu abin bauta wa da gaskiya sai kai, kuma kai ne mafi sani game da shi. Idan mai kyautatawa ne ka ƙara masa, idan mai saɓo ne ka yafe masa. Wannan "idan" ɗin guda biyu su suke ɗauke wa liman nauyin da jama'a suke so su ɗora masa, domin da addu'a ɗaya yake sallatar salihi da fasiƙi ba tare da ya yi ƙarya a kan ko ɗaya ba.

Wannan bai sa an kori zancen Wuta daga maƙabarta ba. Al'ummar da ta taso da waƙoƙin wa'azi tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u ba ta jin nauyin ambaton azabar kabari da tsayuwar alƙiyama. Kuma akwai asali, domin Manzon Allah (SAW) ya zauna a maƙabartar Baƙi'a yayin wata jana'iza, sahabbai na kewaye da shi, ya yi musu magana a kan makomar kowa a Aljanna ko Wuta, ya umarce su da su yi aiki. Abin lura shi ne wa ake fuskanta da maganar. Malamin da ya san aikinsa yana juya gargaɗin zuwa ga waɗanda suke tsaye da ƙura a ƙafafunsu, ya bar wanda yake kwance da addu'a. Abin da aka ruwaito Manzon Allah yana cewa bayan an gama binnewa shi ne a nema wa ɗan'uwa gafara, a roƙa masa tabbata, domin yanzu ake tambayarsa. Ko saɓanin da ya yi zafi tsakanin 'yan ɗariƙa da ƙungiyar Izala tun kafuwarta a Jos a 1978, a kan laƙƙana wa mamaci kalmar shahada bayan binnewa da kuma sadakar uku da bakwai da arba'in, saɓani ne a kan hanyar da za a amfanar da mamaci. Ɓangarorin biyu sun haɗu a kan cewa yana bukatar addu'a, wato ba a san yadda ya ƙare ba.

Inda ƙa'idar take shan gwaji shi ne mutuwar da jama'a suka riga suka yanke mata hukunci kafin liman ya iso. Har yanzu akwai garuruwan da idan mutum ya kashe kansa za ka ji ana cewa ba a yi masa salla, alhali Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ɗalibai suke karantawa a zaure tun suna ƙanana, ta faɗa ƙarara cewa ana sallatar wanda ya kashe kansa, ana kuma sallatar wanda aka kashe a haddi ko ƙisasi, sai dai shugaban da ya zartar da hukuncin ba ya sallatarsa da kansa. Asalin ruɗanin shi ne hadisin da Muslim ya ruwaito cewa an kawo wa Manzon Allah gawar wanda ya kashe kansa, bai sallace shi ba. Mafi yawan malamai sun fahimci wannan a matsayin tsawatarwa ga masu rai, tunda bai hana sauran sahabbai yin sallar ba. Daga nan ne Malikiyya suka ce makaruhi ne manyan mutane masu falala su sallaci wanda ya shahara da bayyana manyan zunubai, amma dole wasu su sallace shi. Wato babban malami yana iya ja da baya ya sa wani ya shige gaba, kuma iyakar abin da aka ba shi ke nan. Ni dai ina ganin a wannan zamani da aka fahimci yadda ciwon damuwa da taɓin hankali suke kai mutum ga halaka kansa, ya kamata malami ya yi dogon tunani kafin ya yi amfani da wannan dama, domin wanda hankalinsa ya gushe alƙalami ma an ɗauke daga kansa, kuma galibi uwar mamacin ce take shan zafin ja da bayan, ba wani matashi da ake son ya ji tsoro ba.

Fasto yana cikin matsin da ya fi na liman, saboda a jana'izar Kirista wa'azi yana tsakiyar hidimar, gawa tana gaban majami'a, iyali suna zaune a layin farko, kuma an riga an karanta tarihin mamaci. Ba zai iya yin shiru ba. A ikilisiyoyin bishara da suka yi yawa a arewacin Nijeriya, irin su ECWA da COCIN da EYN, koyarwar ita ce ceto yana samuwa ta bangaskiya ga Yesu Almasihu a lokacin da mutum yake raye, kuma bayan mutuwa sai shari'a, kamar yadda ya zo a Ibraniyawa 9:27. Saboda haka ba sa yi wa matattu addu'ar neman gafara, wanda ke nufin ƙofar da liman yake fita ta cikinta a rufe take a gare su. Idan mamacin sananne ne da bangaskiya, fasto yana magana da tabbacin da malamin Musulunci ba zai yi ba: ya ce ɗan'uwa ya yi barci cikin Ubangiji, ya karanta 1 Tasalonikawa 4:13 a kan cewa masu bi ba sa baƙin ciki irin na marasa bege. Idan kuwa mutum ne da ya daɗe da barin sujada, ko yana ƙarƙashin horon ikilisiya lokacin da ya mutu, fastocin da suka ƙware sukan daina magana a kan makomarsa gaba ɗaya. Sukan ambaci alherin da aka san shi da shi a cikin mutane, su tuna da ɓarawon da ya tuba a kan gicciye a sa'arsa ta ƙarshe a Luka 23, don nuna cewa babu wanda ya san abin da ya gudana tsakanin mutum da Mahaliccinsa kafin numfashi ya yanke, sannan su juya ga jama'a da kiran tuba. Wasu sukan dogara da tambayar Ibrahim a Farawa 18:25, cewa ashe mai shari'ar dukan duniya ba zai yi adalci ba.

Cocin Katolika ta fi kusa da matsayin liman a wannan gaɓa, domin tana yi wa matattu addu'a, tana kuma koyar da cewa akwai halin tsarkakewa bayan mutuwa ga waɗanda suka mutu cikin alherin Allah amma da sauran dauɗa. Dokar hidimar jana'izarta ta umarci fada ya yi wa'azi a kan nassin da aka karanta, kada ya mayar da shi jawabin yabon mamaci. Kuma duk da cewa cocin tana ayyana wasu mutane a matsayin tsarkaka, ba ta taɓa fitar da sanarwa a hukumance cewa wani mutum mai suna yana cikin Wuta ba. Dokokinta ma sun sauya. Kundin 1917 ya hana jana'izar coci ga wanda ya kashe kansa da gangan, amma kundin 1983 ya cire wannan daga jerin, ya bar waɗanda suka yi ridda a fili da masu zunubi bayyananne da jana'izarsu za ta zama abin tuntuɓe ga jama'a, su ma idan ba su nuna alamar tuba ba kafin mutuwa. Littafin koyarwar cocin na 1992 ya ce kada a yanke ƙauna daga ceton waɗanda suka kashe kansu. Duk da haka a Disambar 2018, a jihar Mishigan ta Amurka, wani fada ya yi ta nanata zancen halaka kai a jana'izar wani matashi da ya kashe kansa, a gaban iyayensa, har mahukuntan cocin na Ditiroit suka nemi afuwa suka kuma dakatar da shi daga yin wa'azi a jana'iza. Abin da ya faɗa yana da tushe a littattafansu, amma ya faɗe shi a kan mutum ɗaya da yake kwance a gabansa.

Cocin Ingila ta bi ta wata hanya mai ban sha'awa. Littafin addu'o'inta na 1662 ya sa a binne mamaci da tabbataccen begen tashin matattu zuwa rai madawwami, kuma masu tsananin ra'ayi sun daɗe suna ƙorafi cewa ana karanta wannan a kan kowa, har da wanda ya mutu cikin maye. Masu kare lafazin suka amsa cewa begen na tashin matattu ne a dunƙule, ba a ce tashin wannan mutum zuwa rai ba. Littafin ya kuma hana karanta hidimar ga wanda ba a yi wa baftisma ba, da wanda aka kora daga coci, da wanda ya kashe kansa, kuma sai a 2015 majalisar cocin ta kaɗa ƙuri'ar sauya dokar game da na ƙarshen.

Mafi wuyar al'amarin a wurinmu yana cikin gidajen da addini biyu suke ci a kwano ɗaya, kamar yadda ake samu a kudancin Kaduna da Filato da ƙasar Tangale da Adamawa da Zuru. Musulmin da mahaifiyarsa Kirista ta rasu ya san aya ta 113 a Suratut Tauba, wadda ta hana nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara ko da ɗan'uwa ne na jini, kuma malaminsa ba zai ce masa ayar ba ta nan ba. Kiristan da mahaifinsa Musulmi ya rasu shi ma ya san Yohanna 14:6, inda Yesu ya ce babu mai zuwa wurin Uba sai ta wurinsa. A nan babu lafazin da zai kawar da ciwon, kuma malamin da ya yi kamar akwai ya yaudari mai tambaya. Abin da na ga masu hankali daga cikinsu suna yi shi ne su bayyana iyakar abin da aka hana, don kada mutum ya ƙara wa kansa abin da ba a ɗora masa ba. Malamai da dama sun halatta yi wa wanda ba Musulmi ba ta'aziyya da yi wa iyalinsa addu'ar haƙuri, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, da aka gaya masa ko wane ne sai ya ce ashe ba rai ba ne. Sukan kuma bambanta hukuncin duniya, wato ba a sallatarsa ba a nema masa gafara, da hukuncin lahira, inda aya ta 15 a Suratul Isra'i ta ce Allah ba ya azabtarwa sai ya aiko manzo, kuma Shi kaɗai ya san wanda hujja ta isa gare shi da yadda kowa ya cika. A ɓangaren Katolika, babban taron Batikan na biyu ya bayyana a 1964 cewa wanda bai san bishara ba, ba da laifinsa ba, amma ya nemi Allah da zuciya ɗaya, yana iya samun ceto, har ya ambaci Musulmi da suna. Ikilisiyoyin bishara da yawa ba su yarda da wannan faɗaɗawa ba, don haka fastocinsu sukan tsaya ga ta'azantar da mai rai kawai. Abin takaici shi ne duk wannan taka-tsantsan yakan ɓace a Facebook, inda da zarar wani fitaccen mutum ya rasu za ka ga waɗanda ba su taɓa wanke gawa ba suna rarraba masauki a lahira.

Sai dai idan za a faɗi gaskiya, kuskuren da ya fi yawa a jana'izojinmu na gefen yabo ne. Muna da karin maganar da ke cewa shaidar duniya ita ce ta lahira, kuma tana da madogara, domin an wuce da wata gawa sahabbai suka yabe ta Manzon Allah ya ce ta wajaba, aka wuce da wata suka ambace ta da sharri ya ce ta wajaba, ya ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Amma shaidar da ake nufi ita ce wadda take fitowa da kanta daga bakin mutanen kirki da suka zauna da mamaci, ba yawan motocin da suka cika layi ko dogon jawabin da aka yi saboda gwamna yana wurin ba. Haka nan kalmar shahidi ta zama mai arha, duk da cewa Bukhari ya ware babi guda a kan cewa ba a cewa wane shahidi ne, kuma a Wadil Ƙura, bayan yaƙin Haibara, mutane sun taya wani da kibiya ta kashe murnar shahada, Manzon Allah ya ce mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Idan liman ko fasto ya shigar da mai kuɗi Aljanna da bakinsa, alhali waɗanda ya cinye wa haƙƙi suna cikin sahu suna ji, ya koya musu cewa wa'azin da yake yi musu sauran kwanaki bai shafi manya ba.

Akwai wuri ɗaya da limamanmu suke magana a fili a kan haɗarin da mamaci yake ciki, kuma babu mai jin haushi. Kafin a tayar da salla ko bayan an rufe kabari, liman ko wani dattijo daga dangi yakan ɗaga murya ya ce duk wanda yake bin marigayi bashi ya zo ya ga wane, wanda kuma marigayi yake bi ya ji tsoron Allah ya kawo, wanda ya saɓa wa ya yafe masa. Asalin wannan shi ne Manzon Allah ya taɓa ƙin sallatar wani mai bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya, kuma Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. An yarda malami ya faɗi wannan ne saboda abu ne da masu rai suke da ikon gyarawa kafin a watse daga zaman makoki, kuma sau da yawa a nan take wani yakan ɗaga hannu daga cikin jama'a ya ce ya yafe nasa.